Kafin ka sauke injin 504, ɗana

Na ji kana da niyyar tayar da Peugeot 504 ɗin da mahaifinka ya bari, ka sauke mata injinta mai kafireto ka ɗora mai injekta. Ban ga laifinka ba. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kowa ya koma lissafin lita, kuma wanda ya saba da motar zamani ba zai so ya tsaya yana famfa totur da asubar hunturu ba. Sai dai ina so ka saurare ni tukuna, don na ga motoci masu kyau da yawa da aka shiga da su gareji da ƙafafunsu, aka bar su a kan duwatsu har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. An fito da 504 a Faransa a 1968, masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, kuma bayan Faransa ta daina ƙera ƙirar salun a 1983, Kaduna ta ci gaba da yin ta fiye da shekara 20. Ba banza ta daɗe ba. Injinta mai lita 2 yana da silib da ake zarewa a sa sabo, don haka ana iya mayar da shi kamar sabo ba tare da an rarake bulok ba. Sau da yawa shan man da ake kuka da shi daga kafireton da ya sha taɓi ne da ringin da ya gaji. Ka sa a auna matsin kowace silinda kafin ka yanke hukunci. In bayan haka ka ce sai injekta, to, madalla, amma kada ka sayar wa 'yan gwangwan tsohon injin. Ka zuba masa baƙin mai, ka toshe kafofinsa, ka rufe shi a inuwa. Wata rana darajar motar tana tare da shi.

Sai zaɓen inji. Za a ce maka ka ɗauko na 406, ai duk gida ɗaya ne. Kada ka yi saurin yarda. Injin 406 a gicciye yake zaune yana jan tayoyin gaba, na 504 kuwa a miƙe yake yana tura na baya. Haɗa su ba ya gagara, amma aikin ƙira da walda da zai ci ya fi ƙarfin wanda yake aikinsa na farko. Mafi kusa da ita a dangi shi ne injin 505 GTI mai lita 2.2, wanda ke aiki da tsarin injekta na Bosch, don 505 a kan tsarin 504 aka gina ta. Wasu kuma sukan koma ga injinan Toyota na Hiace da Hilux, saboda su ma a miƙe suke kuma kayansu sun wadata a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka. A nan ka kwanta ƙarƙashin motar ka duba da idonka. A salun ɗin 504, farfela tana juyawa ne cikin wani bututun ƙarfe da aka ɗaure a wutsiyar giyabos, ya tafi har bayan mota. Giyabos ɗin Toyota ba shi da wurin ɗaure wannan bututu. Wanda bai yi wannan lissafi tun farko ba, sai inji ya zauna daram sannan ya ga babu abin da zai kai ƙarfinsa ga taya.

Injin injekta amarya ce, ba ta tarewa sai da kayan ɗakinta. Idan ka je saye, kada ka karɓi ƙarfe tsirara. Ka karɓo shi da kwamfutarsa, da damin wayoyinsa cikakke har soket ɗin da ke shiga kwamfutar, da ma'aunin iska, da dukkan sensa, da kwayil, da giyabos ɗinsa. In yana da tsarin hana sata, ka karɓo makullin da na'urar da ke karanta shi, in ba haka ba zai yi ta juyi ba zai tashi ba. Masu sauke inji daga motocin Beljiyam sukan datse wayoyi don sauri, su bar maka gutsattsarin da bai kai kamu ɗaya ba. Mai sayarwa zai ce ai ɗan wayarin zai haɗa. Kada ka biye masa. Ka ƙara kuɗi ka ɗauki wanda wayarsa ba ta ga wuƙa ba, kuma komai ya fito daga mota guda. Araha ba ta ado.

Ko injin ya tashi a gabanka yana ƙara mai daɗi, ka buɗe shi kafin ya hau mota, domin yanzu da yake ƙasa komai a sauƙaƙe yake. Ka duba ƙarƙashin murfin baƙin mai: in ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga mai. A auna silinda da karanshaf da ma'auni, ba da farce ba. In karanshaf yana buƙatar wanki, a wanke shi a sa metal daidai da sabon awonsa. A kai kan silinda a gwada ko ya lanƙwashe. Wajen ɗaure shi a yi amfani da sifana mai ma'aunin ƙarfi, a faro daga tsakiya a yi waje, mataki-mataki yadda littafin injin ya ce. Yawancin gaskit ɗin da ke ƙonewa bayan wata biyu, ɗaurin ganin ido ne ya ƙone shi. In injin 505 GTI ne ka sake bel ɗin tayimin, ko da tsohon yana sheƙi. A wanke nozul huɗun, a ga feshinsu a fili, a sake musu robobi.

Yanzu ga inda nake jin tsoro, wato hanyar mai. Famfon kafireto a hankali yake turo fetur, matsinsa bai fi bar 0.3 ba. Injekta tana son kusan bar 3, ninki goma ke nan. Tsohon tiyon da ya shekara 30 yana ɗaukar mai lafiya, ranar da ka sa masa wannan matsi zai tsage, ya fesa fetur a kan salansa mai zafi. Ka sayi tiyon da aka yi don injekta, da maɗaurai masu kyau, ba wayar ɗaurin buhu ba. Ka ja layi na biyu da zai mayar da rarar mai tanki, in tsarin injin na mayarwa ne. Tankin kansa a sauke shi a wanke, don tsatsar da kafireto ke haɗiyewa ya yi shiru, ita ce ke kashe famfon lantarki ta toshe nozul. Ka tuna kuma kafireto yana da ɗan kofinsa na ajiya, injekta ba ta da shi: in mai ya yi ƙasa ka sha kwana, ya gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska, sai mota ta shaƙe a tsakiyar titi. Ana magance wannan da ɗan ƙaramin tanki na biyu kusa da famfo. Abu na ƙarshe, kuma kada ka sassauta a kansa: famfon ya bi ta rile da fis, yadda da zarar inji ya mutu shi ma zai tsaya. Wanda ya haɗa shi kai tsaye da makulli, ranar haɗari, Allah ya kiyaye, famfo zai ci gaba da kwararo fetur mutane na ciki.

Ɗan wayarin da za ka kira ya zama mai karanta zanen waya da amfani da mita, ba mai goga waya a jikin ƙarfe ya ga tartsatsi ba. Tartsatsi ɗaya ya isa ya ƙone kwamfuta. A ba inji wayar as mai kauri zuwa batir da jikin mota, a kankare fenti a wurin. Kwamfutar ta zauna cikin mota, nesa da zafi da ruwan wanki.

Akwai wata al'ada tamu da nake roƙonka ka bari a ƙofar gareji. Da mota ta iso, sai a ce ƙasarmu da zafi, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka ta yi ta juyi tun daga tayarwa. A injin kafireto ɓarnar a ɓoye take. A injekta kuwa kwamfuta tana tambayar sensar ruwa ko inji ya ɗumama. Muddin amsar ita ce da sanyi, za ta yi ta ƙara fetur, kamar wanda ya ja cok ya manta. Awon da take nema, iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1, ba ta kama shi daidai sai inji ya kai zafin aikinsa, sama da digiri 80. Sai ka ga fulogi ya yi baƙi, salansa na hayaƙi, fetur na wanke mai daga jikin silinda, mai mota kuma yana cewa injekta ƙarya ce. Tattalin da ka kashe dukiyarka dominsa, wannan ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba ne ke riƙe da shi. In mota na zafi, a wanke lagireto ko a sa babba. Haka matatar iska: ƙurar hunturu ba ta yafe wa ma'aunin iska, kuma ɗan tsagi a robar da ke bayansa ya isa ya hana mota tsayuwa a silo.

Injin 504 mai kafireto bai kai doki 100 ba, na 505 GTI yana kusan 130. Birkin da zai tsayar da ita sai ya dace da sabon ƙarfin, don haka tiyoyin birki, da mansa, da shokozoba, da tayoyi, duk su shiga lissafi tun yanzu. Ka riƙe rasit ɗin injin, ka je ofishin lasisi a shigar da sabuwar lambarsa a takardun mota. Kilomita 1,000 na farko ka bi ta a hankali, sannan ka zubar da baƙin man ka sake matata.

Ka rubuta kuɗin duk waɗannan a takarda kafin ka kwance noti ɗaya. In aljihu bai kai ba, ka bar ta a kan ƙafafunta da tsohon injinta har Allah ya hore, babu abin kunya a ciki. In ya kai, ka fara da wankin tanki, kuma ranar da za a yi mata tayarwar farko ka tabbata akwai abin kashe gobara a kusa da hannunka. Allah ya yi jagora.