WILLIAM CECIL DA ZURIYARSA: YADDA GIDAN SARAUTA YA KAFU A INGILA

Ɗaliban da ke karanta tarihin Ingila sun san sunan Sarauniya Alisabatu ta Ɗaya, wadda ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ya tsaya a bayanta shekara arba'in, wato William Cecil, wanda daga baya aka riƙa kira Lord Burghley. Labarinsa zai taimake mu mu gane yadda gidan sarauta yake kafuwa a ƙasar Turawa.

Kafin mu shiga, sai mu san tsarin sarautunsu. Bayan sarki akwai matakai biyar: Duke, sannan Marquess, Earl, Viscount, na ƙarshe Baron. Babban ɗa namiji ne kaɗai yake gadon sarautar, kuma yawanci da gida da gonaki. Ƙannensa sai su nemi na kansu, ko a soja, ko a ikilisiya, ko a aikin shari'a. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An haifi William a 1520 a garin Bourne, cikin lardin Lincolnshire. Gidansu ba na sarauta ba ne. Kakansa David ya fito ne daga kan iyakar Wales, ya yi wa Sarki Henri na Bakwai barantaka, ya zauna a garin Stamford, ya yi arziki daidai gwargwado. Ubansa Richard bafade ne mai kula da tufafin Sarki Henri na Takwas. Masu rufin asiri ne, amma manyan gidajen ƙasar suna ganinsu 'yan jiya-jiya. Wannan ya tsaya wa William a rai har tsufansa. Yakan zauna ya zana salsalar gidansu da hannunsa, yana neman haɗa ta da wani tsohon gida na Wales mai suna Sitsilt. Maƙiyansa kuwa suna yaɗa cewa kakansa mai masauki ne kawai. Abin mamaki ne a ce mutumin da ke riƙe da ƙasa guda yana damuwa da irin wannan gori, amma haka ɗan Adam yake.

Yana da shekara 14 aka tura shi Jami'ar Kambirij, inda ya ƙware a Helenanci da Latin. A can ya ga Mary Cheke, ƙanwar malaminsa, ya aure ta a 1541 ba da son ubansa ba, don ba ta da dukiya. Ta haifa masa Thomas a 1542, ba ta daɗe ba ta rasu. Sai ya auri Mildred Cooke, mace mai zurfin ilimi, wadda ta haifi Robert a 1563.

Zamaninsa mai haɗari ne. Cikin shekara goma sha biyu Ingila ta ga sarakuna huɗu, kowanne da inda ya juya addinin ƙasa. A zamanin yaro Sarki Edward na Shida, Cecil ya yi wa waziri Somerset aiki. Da aka tumɓuke ubangidansa a 1549, shi ma aka kulle shi a kurkukun Hasumiyar Landan. Ya fito, shekara ta zagayo ya zama magatakardan sarki. A 1553 ya sa hannu a takardar da ta nemi hana Maryamu gadon sarauta. Da Maryamu ta ci nasara, sai ya ce shi a matsayin shaida kawai ya sa hannu. Maryamu 'yar Katolika ce, Cecil kuwa ɗan Furotesta, amma ya sunkuyar da kai, ya riƙa zuwa sujadar Katolika, alhali ana ƙone waɗansu 'yan'uwansa a bangaskiya da ransu, kusan mutum 300. A nan ni ba zan wanke shi ba. Waɗansu za su ce hikima ce, don da ya mutu da bai yi aikin da ya yi daga baya ba. Amma waɗanda suka shiga wuta su ma suna da iyali, suna kuma da aikin da za su iya yi.

Da Alisabatu ta hau gado a Nuwamba 1558, nan take ta naɗa shi magatakarda. Yana cikin waɗanda suka tsara dokokin ikilisiyar Ingila na 1559, ya kuma gyara kuɗin ƙasa da aka lalata da gauraye. Mutum ne mai cin takarda, ba ya gajiya da rubutu. Idan magana ta yi wuya, yakan raba takarda biyu, ya jera dalilan yi a gefe ɗaya, na bari a ɗaya gefen. Ɗalibanmu masu shirin jarrabawa za su iya aron wannan dabara.

A 1571 Sarauniya ta ba shi sarautar Baron na Burghley, a 1572 ya zama ma'ajin ƙasa. Ku lura, Baron shi ne matakin ƙasa duka. A wannan shekara ta 1572 aka sare kan Duke na Norfolk, Duke ɗaya tilo da ya rage a Ingila, saboda ƙulla makirci, kuma da hannun Cecil a binciken. Jikan bara ya ga bayan ɗan babban gida. A 1587 kuma shi ya hanzarta aika takardar kisan Maryamu Sarauniyar Sikotilan. Alisabatu ta fusata, ta hana shi ganinta wata da watanni, amma ba ta iya rabuwa da shi ba. Da ya kwanta ciwon ajali a 1598, ita da kanta ta zo ta ba shi abinci a baki. An binne shi a cocin St Martin da ke Stamford.

To, ga maganar gado. Thomas, babban ɗa, shi ya gaji sarauta da katafaren gidan Burghley, ko da yake uban ya sha kuka da shi a ƙuruciya saboda almubazzaranci. Robert, ƙaramin, gajere ne mai doro, amma shi ya gaji ƙwaƙwalwar uban. Ya zama magatakarda a 1596, ya yi ta musayar wasiƙu a asirce da Sarki James na Sikotilan, har James ya hau gadon Ingila a 1603 ba tare da an zub da jini ba. A 1605 aka naɗa Thomas Earl na Exeter, Robert kuma Earl na Salisbury. Gida ɗaya ya zama biyu, kuma duka biyun sun kai matakin Marquess: Salisbury a 1789, Exeter a 1801.

Daga reshen Thomas aka sami David Cecil, wanda ya ci lambar zinariya a tseren tsallake shinge na mita 400 a wasannin Olamfik na 1928 a Amsterdam. Reshen Robert kuwa ya shafe mu kai tsaye. Marquess na uku na Salisbury ya zama firayim ministan Birtaniya sau uku tsakanin 1885 da 1902. A 1890 ya yi yarjejeniya da Faransa, aka ja layi daga garin Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. An yi ta gyara layin daga baya, amma shi ne mafarin iyakar da ta bar Katsina a Nijeriya, Maraɗi a Nijar. Shi ne kuma firayim minista ranar 1 ga Janairu 1900, da Lugard ya yi shelar mulkin Ingila a kan Arewacin Nijeriya.