Ade Adebisi da Wasan Zari-Ruga

Mu nan Wusasa mun san kokawa, mun san dambe da langa. Waɗannan mun gaje su kaka da kakanni. Akwai kuwa wasannin da baƙi ne, wani ya gano su a wata ƙasa ya kawo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ƙwallon dawaki a Katsina. Yau ga shi ya zama kamar na gado. To, a darasin nan za mu karanta labarin wani baƙon wasa, da mutumin da ya yi wahalar dasa shi a Nijeriya.

Yadda a ke wasan

Sunan wasan zari-ruga. Ƙwallonsa ba kewayayye ba ne kamar tamaula. Dogo ne, ya yi kama da ƙwai. Ɗan wasa ya kan zare shi ya rungume, ya ruga a guje, abokan karawa su bi shi su kayar. Watau rabinsa tsere ne, rabinsa kokawa.

Zari-ruga iri biyu ne. Akwai na mutum 15 ko wane gefe, akwai na mutum 13. Na 13 ɗin shi mu ke magana a kai. Ana yin minti 40, a huta, a sāke yin 40. Ba a jefa wa ɗan'uwa ƙwallo gaba, sai baya. In aka ka da mutanen gefe ɗaya sau 6 ba su ci ba, sai ƙwallo ya koma hannun ɗaya gefen. Wanda ya ƙetare layin abokan karawa ya dangwara ƙwallo a ƙasa ya sami maki 4. In kuma aka buga shi da ƙafa ya bi ta saman sandar gola, a ƙara musu 2.

Mafarin na 'yan 13

A arewacin Ingila aka fara shi. Yawancin 'yan wasan can talakawa ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa. Ran Asabar su ke wasa, ran Asabar kuwa ranar aiki ce. Wanda ya bar aiki ya tafi wasa sai a yanke masa lada. Ƙungiyoyinsu suka ce bari mu biya su abin da aka yanke. Shugabannin wasan, waɗanda masu hali ne, suka ce haram, wasa ba a karɓar kuɗi a kansa.

Mai ƙoshi bai san da mai jin yunwa ba. Ran 29 ga Agusta 1895 wakilan ƙungiyoyin arewa suka taru a garin Huddersfield, suka ware, ƙungiya 22 suka kama gabansu. A 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13. Daga nan wasan ya bazu zuwa Ostareliya da Faransa da waɗansu ƙasashe.

Yaro mai amosanin jini

An haifi Ade Adebisi a 1986. Asalinsa ɗan Nijeriya ne, Bayarabe, amma a Landan ya tashi. Can ya koyi zari-ruga. Allah ya ba shi gudu, don haka aka riƙa ajiye shi a gefen fili, inda a ke sa masu sauri. Ya yi wa wata ƙungiyar Landan wasa mai suna London Skolars. Ya kuma yi wa ƙungiyoyin garuruwan Doncaster da Featherstone da Whitehaven. Wasan ya zama sana'arsa, da shi ya ke ci.

Abin mamaki, da amosanin jini aka haife shi, ciwon da likitoci ke kira sikila. Mu manoma ba za mu sha wuyar gane shi ba. Ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne, masu laushi, suna wucewa cikin jijiya sumul. Na mai sikila su kan lanƙwashe kamar lauje, su maƙale, su tare hanya. Nan ne ciwo ke tashi a ƙashi da gaɓoɓi da ƙirji. Ƙwayar jini mai lafiya ta kan yi kwana 120, amma mai kama da lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jinin mai ciwon ba ya isarsa, ga saurin gajiya.

Ku duba fa. Mutum mai wannan lalura shi ne ya shekara da shekaru yana karo da ƙarti. Ciwon ya kan tashi ya kwantar da shi asibiti. In ya sami sauƙi ya koma fili.

Ya tuna da gida

Da ya bar wasa bai naɗe hannu ba. Ya ga yaran Nijeriya suna da ƙarfi da gudu, mai koya musu ne babu. A 2018 shi da waɗansu suka kafa ƙungiyar wasan ta Nijeriya, aka ba shi mataimakin shugaba da riƙon ayyukanta. Dasa sabon wasa kamar saran sabuwar gona ne. Sai an nemi fili, da ƙwallo, da riguna, a horar da masu koyarwa da alƙalan wasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka kafa ƙungiyoyi a Ikko, har da Kano.

 A watan Oktoba 2019, ƙasashe 4 suka haɗu a Ikko don gasa: Nijeriya, da Gana, da Kamaru, da Maroko. Nijeriya ta ka da Gana, sa'an nan ta ka da Maroko da maki 38 da 10, ta ɗauki kofi. A 2022 aka sāke gasar a Ankara, babban birnin Gana, Nijeriya ta kuma cinyewa.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, yaro mai amosanin jini ba abin yarwa ba ne, ba kuwa aikin mayu ko iska ba ne. Gadonsa ya yi daga uwa da uba. A sa shi makaranta. A riƙa ba shi ruwa da yawa, a rufe shi da hunturu, ya kwana cikin gidan sauro. Da zazzaɓi ya kama shi a garzaya asibiti, ga shi nan kusa da mu. Amma kada a ce tun da Ade ya yi, ko wane yaro ya iya. Sai an shawarci likita kafin wasa mai ƙarfi.

Na biyu, rigakafi ya fi magani. Wajen mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da irin ciwon, lafiyarsa lau, bai sani ba. Shi a ke kira AS. In AS ya auri AS, ko wane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zuwa da ciwon sosai, watau SS. Awon jini kafin a kai kuɗin aure shi ke nunawa.

Na uku, abin da mutum ya koyo a waje, ya kawo gida. Mu ma da mu ke ajin nan, wanda ya iya baƙi da wasali ya koya wa na gidansa.

Tambayoyi

1. Mutum nawa ke wasan nan ko wane gefe?
2. Don me ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ware a 1895?
3. Da me ƙwayar jinin mai sikila ta yi kama?
4. Wace ƙasa ta ɗauki kofi a Ikko a 2019?
5. Rubuta wannan a littafinka sau 3: Rigakafi ya fi magani.