Labarin Ƙasa: Yawan Jama'a Da Faɗin Ƙasa

Masu ilmin labarin ƙasa ba su tsayawa ga tambayar mutum nawa ne a wuri, sai sun haɗa da faɗin ƙasar da ke ɗauke da su. Akan raba yawan jama'a da faɗin ƙasa, abin da ya fita shi ne ma'aunin cunkoso. Ya kamata hakimai da malamansu su fahimci wannan lissafi, gama galibin rigimar gona da burtali daga nan take tasowa.

A shekarar 1950 mutanen duniya duka kimanin miliyan 2,500 ne. A 2022 sun kai miliyan 8,000. Amma ba a baje suke bai ɗaya ba. Indiya da Sin kaɗai sun ɗauki fiye da sulusinsu. Masar ƙasa ce mai faɗi, duk da haka kusan jama'arta duka suna maƙale a gaɓar kogin Nilu, saura kuwa rairayi ne. Watau mutum ruwa yake bi, da ƙasa mai albarka, kana hanya da kasuwa.

To, haka abin yake a ƙasar Zazzau. Bisa ƙidayar 2006, Kudan tana da mutum kimanin 139,000 a kan murabba'in kilomita 400, watau wajen mutum 350 ke nan a kowane murabba'i ɗaya. Makarfi tana da kimanin 146,000, Ikara kuwa 194,000, amma da yake ƙasarsu ta fi faɗi, cunkosonsu bai kai na Kudan ba. A dubi Birnin Gwari a yamma: jama'arta ta fi ta kowace ɗaya daga cikin ukun nan, amma daji ya yi yawa, murabba'i ɗaya bai ɗauki fiye da mutum 40 da 'yan kai ba. Wanda ya dubi jimla kaɗai zai ce can ne aka matsu, alhali kuwa nan ne.

Dalilin bai ɓuya ba. Fadamun nan da ake noman rake da tumatir suna ciyad da mutum damina da rani, ga Zariya kusa, ga hanyar Kano. Sai dai fadama ba ta ƙaruwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ke rabonta gado bayan gado, har an daina barin saura ta huta.

A da hakimai kan ƙidaya talakawansu kowace shekara saboda haraji, shi ya sa magidanci kan ɓoye samarin gidansa. An soke haraji da jangali a Jihar Kaduna zamanin Gwamna Balarabe Musa, wanda ya hau a 1979, amma tsoron alƙalami bai fita sarai ba. Sai a bayyana wa dagatai da masu unguwa cewa da ƙidaya ake auna rabon makaranta da asibiti da rijiya. Malamin hakimi kuma ya riƙa rubuta haihuwa da mutuwa da baƙin da suka sauka, ƙauye ƙauye, ya ajiye faɗin gonaki da makiyaya a shafin da ke kusa.