ƘURJIN DA YA HANA ANGO BARCI: DARASI A KAN WASWASI DA NEMAN MAGANI

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

'Yan'uwa, maganar yau akwai nauyin baki, amma babu kunya wajen neman sani. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shige musu duhu ba.

Kwanakin baya wani matashi ya tsaya bayan an watse daga karatun Magariba. Da izininsa nake ba da labarin, ba tare da suna ba. Ya daɗe yana murza hula kafin ya ce, "Malam, saura wata guda ɗaurin aurena, amma ina so in fasa." Na ce subhanallah, me ya yi zafi? Ya ce shekara uku da suka wuce Shaiɗan ya taɓa rinjayarsa sau ɗaya, ya tuba, bai sake ba. To yanzu ya ga wasu 'yan ƙananan ƙuraje a jere a gefen kan mazakutarsa. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Tun ranar yake raba dare da waya yana gwada su da hotunan intanet, har ya yanke wa kansa hukunci cewa azaba ce ta riske shi. Ya sha kafso na kemis kala uku, ya sayi jarka biyu wajen mai maganin sanyi da ke yawo da lasifika.

Na ce masa, "Ɗana, ni malamin addini ne, ba likita ba. Abin da ke tsakaninka da Allah zan yi maka bayani, abin da ke fatarka kuma akwai masu shi. Gobe da safe ka tafi asibiti."

Ya je. Likita ya duba ya ce halitta ce, ba cuta ba. Aka yi gwajin jini da na fitsari, komai lafiya. Wata uku yana azabtar da kansa a kan abin da duba na minti biyar ya warware.

Wannan ya sa na zauna da wani likita da muke sallah tare, ga abin da na ƙaru da shi.

NA FARKO: ABUBUWAN DA BA CUTA BA NE

1. Ƙananan ƙuraje masu santsi da ke jeruwa kamar carbi a kewayen kan mazakuta. Maza da yawa suna da su tun balaga, ba a ɗaukar su daga kowa, ba a kuma shafa wa iyali.

2. Ɗigo-ɗigo farare ko masu ruwan ɗorawa a fatar al'aurar namiji ko mace. Wuraren da fata ke fitar da maiƙo ne. Wani likitan Amurka mai suna Fordyce ya yi bayaninsu tun 1896, kuma yawancin manya suna da su, har a leɓe da cikin kunci.

3. Ƙurjin bayan aski. Sunna ce aske gashin mara, kuma hadisin Anas a Sahihu Muslim ya nuna kada a bar shi ya wuce kwana 40. Amma reza marar kaifi ko askin da aka ƙure kan sa gashi ya lanƙwashe ya koma cikin fata, ya yi ƙurji ja. Yakan baje da kansa idan ba a matse shi ba.

4. Farin ruwa marar wari da mace ke gani, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon kwanakin wata. Wannan lafiya ce. Ko mai kauri kamar kindirmo da ke zuwa da ƙaiƙayi, galibi ba na saduwa ba ne, budurwa ma tana yin sa, kuma yana jin magani.

NA BIYU: ABIN DA BA A ZAMA DA SHI

Gyambo a al'aura, ko da ba ya ciwo. Wannan na iya zama tunjere, wanda gyambonsa kan fito kimanin mako 3 bayan saduwa, ya warke da kansa, mutum ya ɗauka ya rabu da shi alhali cutar tana cikin jini. Haka ƙuraje masu ɗurar ruwa da raɗaɗi, ko fitar mugunya da zafin fitsari, ko tsiron nama mai kaushi da ke yaɗuwa, ko ciwon mara da ruwa mai wari ga mace. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya dakata da kusantar iyali, ya je asibiti, kuma a duba su su biyun.

Ku kula da wannan sosai: wasu cututtukan, kamar ƙanjamau da ciwon hanta, sukan daɗe ba su nuna komai a fata ba. Ke nan ganin ƙurji ba hujjar cuta ba ne, rashin ganinsa kuma ba hujjar lafiya ba ne. Gwaji ne ke raba gardama. Shi ya sa jihar Kano ta yi doka a 2024 ta wajabta gwaji kafin aure.

NA UKU: ƁANGAREN ADDINI

Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa shakka ba ta gusar da yaƙini. Asalinka lafiya, har sai mai ilimin abin ya tabbatar da akasin haka. Shaiɗan idan ya kasa mayar da mai tuba ga saɓo, sai ya biyo masa ta ƙofar ɗebe ƙauna, ya riƙa raya masa cewa ba a karɓi tubarsa ba, ga alama nan a jikinsa. Ƙarya yake yi. Ba a karanta karɓuwar tuba a fata. Ko da gwaji ya nuna akwai cuta, wannan bai rufe ƙofar rahama ba. Bayin Allah nawa ne suka samu ta hanyar ƙarin jini, ko daga abokin zama, ba su taɓa kusantar alfasha ba?

Sannan ina jan kunnen magidanta. Ka ga ƙurji a jikinka, ba ka je asibiti ba, sai ka hau matarka da zargi? Suratul Hujurat ta hana mu yawan zato, Suratun Nur kuma ta yanke bulala 80 ga mai ƙazafi. Gida nawa aka rusa a kan ƙurjin aski! Ke ma 'yar'uwa, kada ƙawa ta zama likitarki, ta haɗa ki da abin cusawa da zai ƙone miki jiki.

Amma fa idan likita ya tabbatar maka da cuta mai yaɗuwa, haramun ne ka ɓoye ka auri 'yar mutane ka cutar da ita. Zunubinka ka suturta shi tsakaninka da Ubangijinka, ba sai ka ba da labari ba. Cutar kuwa haƙƙinta ne ta sani.

Shi wancan matashi, ni na yi masa walicci ranar ɗaurin auren. Da muka gaisa sai ya raɗa mini, "Malam, jarkokin nan fa na zubar."

Wanda ke ɗauke da irin wannan damuwa, kada ya turo mini hoto, don Allah. Ya yi alwala, ya roƙi Allah, gari na wayewa ya nufi asibiti. Ku tura wa wasu, ba ku san wanda bai runtsa ba daren jiya.

Allah ya suturta mu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana zuriya. Wallahu a'alam.