Dogon Ƙarfen da Ke Rangaji

Ɗana, na ji dogon ƙarfen da ka kafa don farantin sola da fitila yana rangaji kamar karan dawa. Kafin ka jawo injin walda ka shiga liƙa masa guntayen ƙarafa, sa yaronka ya girgiza shi, kai kuma ka durƙusa ka zuba wa gindin ido. In ƙasa na motsi, ko farantin gindi na ɗagawa daga kan kankare, to fayif ba shi da laifi: ko dai rami bai yi zurfi ba, ko noti ya saki. Masu kafa falwaya kan binne kashi ɗaya cikin goma na tsawonta, su ƙara ƙafa 2. A ƙasa mai yashi irin ta Daura ko Damagaram, ni na fi so a wuce haka.

In gindi lafiya lau yake, sai ka tuhumi tsawo. Nan ne yawancin samari ke yin lissafin da bai fita ba, suna zaton in an ninka tsawo rangaji ma ninki biyu zai yi. Ina! Ninki takwas yake yi. Shi ya sa in ka rage mita 6 ya koma mita 5, fiye da kashi 40 cikin 100 na rangajin ya tafi, ba ka kashe ko sisi ba. Mai aiki zai ce ya fi son fitilarsa can sama. Ka lallaba shi, mita ɗaya ba za ta sa ƙofar gidansa duhu ba.

In kuwa tsawon dole ne, to ranar da ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka nemi fayif mai faɗi. Mai inci 3 ya fi mai inci 2 ƙin lanƙwasa fiye da sau uku, mai inci 4 kusan sau bakwai, alhali kaurin jikinsu ɗaya ne. Amma in kaurin jikin ka ninka, riɓi biyu kawai za ka samu, ga nauyi, ga tsada. Kada kuma wani ya ruɗe ka da zancen ƙarfen waje. Ingancin ƙarfe na hana shi karyewa da wuri, amma wajen lilo kusan duk ɗaya suke.

Wanda aka riga aka kafa, maganinsa waya. Guda uku, a raba su daidai kewaye da shi, a ɗaure a wajen kashi biyu cikin uku na tsawonsa, turakun ƙasa kuma su yi nisa da gindi kwatankwacin tsawon inda aka ɗaure. Biyu ba sa riƙewa. Ka ja su su miƙe kawai, domin in ka matsa da yawa su ne za su danno ƙarfen ya gantsare. Ka zura musu farin fayif na roba ta ƙasa saboda yara da masu babur, ka kuma nisanci wayar lantarki.

Kada ka auna aikinka da iskar yau. Ka tuna hadarin farkon damina, wajen Mayu da Yuni, mai tasowa daga gabas: in gudun iska ya ninka, turinta sau huɗu yake ƙaruwa, farantin sola kuwa duk sai ya tare ta.

Akwai kuma wata 'yar karkarwa da iska mai sauƙi ke sa shi, musamman da hunturu. Ba ta da ban tsoro a ido, amma ita ke tsattsaga waldar gindi a hankali. Ka rataya sarƙa a cikin fayif ɗin daga sama, ko ka cika shi da busasshen yashi, za ta lafa. Sannan ka toshe bakinsa na sama, ka huda ɗan rami a ƙasa, don ruwan da ya kwanta a ciki shi ke kawo tsatsar da ba a ganinta daga waje.