Wa Ke Ɗaukar Nauyin Karatun Masana Halayyar Ɗan Adam?

Wata mai sauraronmu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina, tana tambaya: akwai tallafin karatu ga mai son zama masanin halayyar ɗan Adam ya yi aiki a karkara?

To Malama, akwai, sai dai bai taka kara ya karya ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund na biya wa malaman jami'o'in gwamnati, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, karatun ƙaro ilimi. Ɗalibi kuwa sai ya nufi hukumar tallafin karatu ta jiha. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanar a 2023 ma ta tanadi asusu na musamman don kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ana buƙatar irin waɗannan masana a karkara, domin mutanen Batsari da Jibiya da 'yan bindiga suka firgita ba za su iya zaryar asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko na Kaduna ba. Muna roƙon gwamnatin Katsina ta ware wa fannin nan guraben tallafin karatu.