Ƙwayar Hana Ɗaukar Ciki Ta Gaggawa Da Lokacin Haila

'Yan'uwa ɗalibai, wannan ƙwaya ita ce wadda mace kan sha bayan saduwa don kada ciki ya shiga. Wadda aka fi sani a ƙasarmu ita ce Postinor-2. Ana so a sha ta kafin awa 72 su wuce, gwamma ma tun da wuri. Akwai wata kuma, sunanta ulipristal, ita takan yi aiki har awa 120.

To, yaya take aiki? Mace takan saki ƙwai sau ɗaya a wata, haila kuwa takan biyo baya da kamar kwana 14. Aikin ƙwayar nan shi ne ta jinkirta fitar ƙwan. Cikin da ya riga ya zauna ba ta zubar da shi, ko da yake mutane da yawa haka suke zato.

Saboda ta taɓa wannan lissafi, ranar haila takan gusa. Wadda ta sha Postinor-2 ba da daɗewa da gama haila ba, sau da yawa hailarta ta gaba takan zo da wuri. Wadda ta sha can ƙarshen wata kuwa, tata takan zo kan lokaci, ko ta ɗan makara. Ulipristal ta fi sa jinkiri. Wasu kuma sukan ga ɗigon jini a tsakani, wannan ba shi ne hailar ba.

In haila ta wuce ranarta da fiye da kwana 7, ko ta zo 'yar kaɗan ainun, sai a tafi asibiti a yi gwajin ciki. In da ciwon mara mai tsanani, kada ma a jira kwana bakwan.